Sirrin Auta a Bakin Mai Sharhi

Ranar da suka fara haɗuwa, Auta ba ta ma san da mutum a gefenta ba. Fim ɗin barkwanci ake nunawa da la'asar a sinimar da ke saman benen babban kanti, labarin wani mai gadi da aka ɗauka aiki a gidan da babu abin sata, shi kuma ya dage sai ya kama ɓarawo. Da aka zo inda ya ɗaure maigidansa da igiyar shanya, dariya ta ƙwace mata. Ita kuwa dariyarta ba ta zaman lafiya ba ce, sai ta sunkuya, ta bugi gwiwa, ta watsa hannu. A wurin watsa hannun ne ta make gilashin saurayin da ke kujerar kusa, ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin kujerun gaba.

Da aka kunna fitilu suka lalubo shi, hannun gilashin ɗaya ya cire. Kunya ta rufe ta, ta yi ta ba shi haƙuri, ta ce a shagon gilashin ido take aiki, ya kawo gobe ta gyara masa. Shi kuwa murmushi kawai yake yi, yana kallonta da idon da ba ya gani sosai.

"Wannan ne karo na biyu da na kalli fim ɗin nan," ya ce. "Da farko ko haƙorina ban buɗe ba. Yau kuwa har cikina ya ƙulle. Ashe ba fim ɗin ne da matsala ba, maƙwabciya ce ban samu ba."

Washegari ya zo. Ta zaunar da shi gaban madubi, ta ɗauko ɗan mitsitsin sukurudireba ta mayar da hannun, ta gasa shi kaɗan ta lanƙwasa daidai bayan kunnensa. A nan ya gaya mata sana'arsa: sharhin finafinai yake yi a intanet, shi ke magana, abokinsa Dogo ke ɗauka yana tacewa yana sakawa. Ta ce to daga yau sunansa Malam Sharhi. Ya ce bai ƙi ba, in dai za ta ba shi lambarta.

Soyayyarsu a kan finafinai ta ginu. Duk wanda ya kalli wani abu sai ya kai wa ɗan'uwansa rahoto.

"Malam Sharhi, na kalli wanda ka yaba. Rabin farko na yi dariya har Umma ta leƙo ta ga ko lafiya. Rabin ƙarshe kuwa kamar shayin da aka ƙara wa ruwa don baƙi sun yi yawa."

"Dariyata, ki ji tsoron Allah. Ni na kwana biyu ina neman yadda zan faɗi wannan, ke kin gama a layi ɗaya. Ki kalli na mai gyaran famfon nan, in ba ki faɗo daga kujera ba ki canza mini suna."

Da maganar ta isa gida ta bakin Yayarta, Abba bai yi na'am ba. Abba mutum ne mai kamewa, yana da ɗan shagon gyaran keken ɗinki a bakin layi, kuma bai yarda da sana'ar da ba a wanke hannu bayan an gama ta ba. Ya ce mutumin da bakinsa ne jarinsa, wata rana abin cikin gida zai fitar ya sayar. Ga Likitan ido na shagon da take aiki, da ya daɗe yana aiko da gaisuwa, mutum mai nutsuwa, me ya sa ba za ta dube shi ba? Auta ta yi kuka a ɗaki, ta ce wa Yaya Abba bai san shi ba ne kawai, da ya san shi da ba zai faɗi haka ba.

Ana cikin haka wani sabon fim ya fito, mai taɓa zuciya, kowa na maganarsa. Suka je tare. Labarin iyali ne da talauci ya shigo musu ta taga, kuma akwai wani wuri da uban gidan ke goge takalminsa da sassafe, yana gogewa yana gogewa, alhali ba shi da inda za shi. Auta ta toshe bakinta da gefen mayafi. Har aka gama ba ta ɗago ba.

A kan wani benci kusa da matakala suka zauna bayan an tashi. Nan ta gaya masa abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Tana 'yar makaranta aka sallami Abba daga kamfanin buga takardun da yake aiki, amma bai faɗa a gida ba. Kullum zai yi wanka, ya ɗauki jakarsa ruwan ƙasa, Umma ta sa masa abinci a kwano. Wata rana an tashe su daga makaranta da wuri, ta biyo ta tashar mota, sai ta hango shi zaune kusa da mai sayar da jarida, jakar a cinyarsa, yana cin abincin a hankali kamar mai jin kunyar loma. Ta ɓuya bayan wata mota har ya gama. Daga ranar, ita ke kai masa jakar bakin ƙofa kowace safiya, tana ce masa a gaida mutanen ofis.

"Ko Umma ban gaya wa ba," ta ce. "Shi kansa Abba bai san na gan shi ba. Kai ne na farko."

Ya riƙe gefen mayafinta, idonsa ya yi ja. "Ya tsaya a nan, Dariyata. Daga kunnena ba inda za shi."

Bai tsaya ba.

Bayan 'yan kwanaki tana gwada wa wata Hajiya firam ɗin gilashi, matar na riƙe da waya tana kallon wani abu da ƙarfi, sai Auta ta ji muryar da ta fi sani a duniya. Ta yi murmushi, har za ta ce ta san mai maganar. Sai ta ji kalmomin.

Yana cewa wannan fim ba ƙirƙira ba ne, domin akwai wadda yake ƙauna, mai aiki a shagon gilashi, da ta ga mahaifinta da idonta a tashar mota. Ya faɗi jakar ruwan ƙasa. Ya faɗi mai jarida. Ya faɗi kwanon abinci. Har gaisuwar mutanen ofis bai bari ba, ya kwaikwayi muryarta yana share ido. A saman bidiyon an rubuta da manyan baƙaƙe: YARINYAR DA TA KAMA BABANTA YANA ƘARYA.

Firam ɗin ya suɓuce daga hannunta. Hajiyar ta ce ai tun jiya ake ta yaɗa shi, wasu na kuka wasu na dariya, ita dai tausayin tsohon take ji. Sannan ta dubi Auta, ta dubi shagon, ta kashe wayar a hankali. Wannan kallon ya fi mari ciwo.

Auta ta shige ɗakin baya inda ake yanka gilasai, ta jingina da bango. Unguwa kaf an san wanda ke zuwa zance wurinta, an kuma san shagon gilashi ɗaya ne a titin. Ta buɗe ƙasan bidiyon ta karanta abin da mutane suka rubuta. Wani ya ce uban rago ne. Wata ta ce ita ta san gidan. Wani kuma ya sa hoton dariya kawai, jere, kamar fim ɗin barkwanci ya kalla.

Saƙonninsa suka fara shigowa.

"Dariyata, don Allah ki ɗauka. Na ce wa Dogo ya yanke wurin shagon, ya ce ya yanke. Rubutun nan ma ban gan shi ba sai da ya fita."

"Wallahi yabon Baba nake yi. So nake mutane su ga irin mazan da ke rufa wa gidansu asiri."

Ta daɗe tana kallon wayar kafin ta rubuta amsa ɗaya.

"Shi ya rufa mana asiri. Kai ka buɗe."

Da yamma ta same shi tsaye a bakin shago, ya rame kamar wanda ya yi jinya. Ya fara bayani, yadda Dogo ya ce sharhin ya yi sanyi, yana buƙatar abin da zai taɓa mutane, yadda maganar ta zo bakinsa ba shiri. Ta bar shi ya gama. Ba ta ɗaga murya ba, don da ta ɗaga da kuka ne zai fito.

"Dogo ba ya kan bencin nan," ta ce. "Ni da kai ne. Lokacin da nake ba ka labari ina kuka, kana saurarona ne, ko kana tsara yadda za ka faɗa?"

Ya buɗe baki, ya rufe. Ita kuma abin da ya fi ƙona ta ke nan, da bai iya cewa a'a nan take ba.

"Kar ka ƙara kirana da sunan nan," ta ce, ta wuce.

A gida ta tarar Abba ya rufe shago da wuri. Yaya ta ja ta kicin ta gaya mata cewa wani maƙwabci ne ya tsaya a bakin shagon cikin mutane, ya ce ashe Malam tashar mota ce tsohon ofishinku, aka yi dariya. Abba dai ya tattara kayan aikinsa ya sa kwaɗo. Yaya ta ce ita ma har ta yi musu da ƙawayenta, ta rantse ƙarya ne, sai da ta tuna jakar. Ta dubi ƙanwarta ta tambaye ta yadda aka yi ta iya ɓoye wa 'yar'uwarta abu shekara da shekaru, sannan ta juye wa bare a zama ɗaya.

Kwanaki suka yi ta wucewa gidan kamar an yi rasuwa. Abba yana amsa gaisuwarta, amma ba ya haɗa ido da ita. Bai yi faɗa ba, bai ce ai na gaya miki ba, kuma da ya faɗa da ta fi samun sauƙi. Takan ji shi a falo ya kunna rediyo ya rage murya, ba sauraro yake ba. Ita da ke cika gida da dariya ta koma cin abinci a ɗaki. Ta goge finafinan da ke wayarta gaba ɗaya, domin kowanne akwai abin da ta taɓa rubuta masa a kai, kuma yanzu duk maganar da ta tuna sai ta tambayi kanta ko ita ma ya ajiye ta ne don wata rana.

Likita ya ga ƙofa a buɗe, ya matso. Mutumin kirki ne, ba laifi. Yakan kawo mata shayi lokacin hutu, ya ce ta rage tunani saboda yana taɓa ido. Wata rana talabijin ɗin ɗakin jira na nuna wani wasan barkwanci, ya tsaya ya kalla da ita, da aka gama ya juyo ya yi mata bayanin dalilin da ya sa abin ke da ban dariya, daki-daki, kamar yana karanta sakamakon gwaji. Ta yi masa godiya. Daga baya ta gaya masa gaskiya cikin ladabi, cewa zuciyarta ba ta warke ba, kuma ba za ta so ta mayar da shi bandeji ba. Ya karɓa da mutunci.

Shi kuwa Malam Sharhi ya daina aiko da saƙo tun ranar da ta bar shi a bakin shago. Ta bakin Yaya ta ji sauran labarin. Ya matsa sai an sauke bidiyon, Dogo ya ƙi, ya ce ba su taɓa samun masu kallo irin haka ba, ba zai zubar da arziki saboda fushin budurwa ba. Suka rabu baram-baram. Da yake shafin a hannun Dogo yake, Malam Sharhi ya bar masa duk wahalar shekarun da suka yi, a kan sharaɗin a goge wannan ɗaya. Aka goge. Auta ta ce ruwan da ya zube ba ya kwasuwa, kuma ba ta fasa fushi ba.

Abin da ba ta zata ba shi ne zuwansa shagon Abba. Abba ne da kansa ya ba da labarin, wata ranar hutu da hantsi, bayan ya kira ta falo ya sa Umma ta zauna.

Ya ce yaron ya zo ya durƙusa a bakin shago, gaban masu jiran kekunansu, har da maƙwabcin nan. Bai ambaci abokinsa ba ko sau ɗaya. Cewa ya yi an ba shi amana ya ci, ya taɓa mutuncin dattijo don a tafa masa, kuma ba aure ya zo nema ba, don ya san bai cancanta ba, gafara kawai yake roƙo. Abba ya bar shi a durƙushe har ya gama ɗaura bel ɗin keken da ke hannunsa. Sannan ya ce masa ya tashi ya riƙe masa kan keken, tunda ya zo.

"Ba wannan ne ya sa na kira ki ba," Abba ya ce. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. "Dariyar mutane ta yi mini ciwo, amma ta wuce. Abin da ya hana ni kallon idonki, Auta, shi ne tunanin yarinya ƙarama a bayan mota tana kallon ubanta. Kin ɗauki wannan kaya ke kaɗai, kina yi mini murmushi kowace safiya. Ni nake ganin ina kare ku, ashe ke ce ke kare ni."

Ta rarrafa ta kifa kanta a gwiwarsa, kukan da ta daɗe tana haɗiyewa ya ɓalle. Tana cewa ya yafe mata, yana cewa ba ta yi masa komai ba.

Umma da ke gefe ta share ido da bakin zane, ta yi tsaki. "Ku dai kun cika wahalar da kai. Ni da nake wanke kayan mutum, zan kasa bambance tawadar kamfani da ƙurar tasha? Tun makon farko na gane. Na dai ƙara masa nama a kwano na yi shiru."

Abba ya juyo ya zuba mata ido, baki buɗe. Sai dariya ta kama shi, irin wadda Auta ta gada, har yana bugun gwiwa. Yaya ta fito daga kicin da ludayi a hannu tana tambayar abin da ya faru. Rabon gidan da irin wannan ƙara an daɗe.

Duk da haka Auta ba ta yi saurin saukowa ba. Abba ya yafe, amma ita aka yi wa alkawari, ita aka karya wa. Malam Sharhi ya samu aikin fassara finafinai a wani ɗan kamfani, yana rubuta maganganun da ke fitowa a ƙasan hoto, kuma duk ranar da ba aiki yakan je shagon Abba ya riƙe wannan ya miƙo wancan. Abba yakan dawo ya ce yaron har yanzu bai san bambancin ƙoshiya da allura ba, amma ya koyi yin shiru, wanda ya fi wuya. Ita dai sai ta ce Allah ya taimaka, ta tashi.

Sai da aka fitar da wani sabon fim ɗin barkwanci, Yaya ta ja ta dole suka je. Ta yi dariya har hawaye. Da suka fito ta zaro waya, yatsunta suka fara rubutu da kansu kafin ta tuna babu wanda za ta aika wa. Ta tsaya a tsakiyar matakala mutane na ratsa ta. Ta gane fushinta na nan, amma kewar ta fi shi girma.

Ta rubuta: "Na kalli na direban da ya manta hanyar gidansa. Ya yi kyau. Wannan ra'ayina ne, kuma nawa ne, ba na sharhi ba."

Amsar ba ta daɗe ba. "Na ji, kuma na adana. Ni ban kalla ba. Tun ranar nan ban iya shiga sinima ba."

Suka haɗu a falon gidansu, Umma na kai da kawo a tsakar gida da gangan. Ya zauna a ƙasa duk da ga kujera. Ta ce masa akwai tambayar da ya bar ta ba amsa, kuma ba za ta iya ci gaba ba sai ta ji.

"A kan bencin, ke kawai nake saurare," ya ce. "Amma da na zauna gaban kyamara, na ga labarin zai yi kyau a bakina, na fi son a ce na iya magana fiye da in cika miki alkawari. Ba Dogo ba ne. Ni ne. Ba zan ce ki manta ba."

"Ba zan manta ba," ta ce. "Amma na gaji da yin dariya ni kaɗai." Ta juya zoben hannunta. "Sunan nan da na hana ka, yana nan?"

Ya ɗago ya dube ta. "Yana nan, Dariyata. Ban ba kowa ba."

Ba a ja lokaci ba manya suka shiga maganar. Abban da ya fi kowa ƙi a farko, shi ya fi kowa gaggawa, yana cewa gara a ɗaura kafin yaron ya ƙarasa lalata masa kayan aiki. Aka ɗaura aure cikin 'yan'uwa da abokan arziki, Likita ma ya zo da kyautarsa, maƙwabcin nan kuwa shi ya fi kowa jera kujeru.

Da za a tafi da amarya, Abba ya kira su biyun ɗakinsa. Ya kama hannun Auta ya daɗe bai saki ba, sannan ya dubi angon.

"Na ba ka ita da surutunta da shirunta. Surutun ku raba da duniya in kun ga dama. Shirun kuwa naku ne ku biyu, ko ni ban da rabo a ciki."

Ango ya sunkuyar da kai ya ce in Allah ya yarda. Umma ta dafa kawunansu ta yi addu'a, Allah ya sa gidansu ya zama mai rufin asiri, ya ba su zuri'a mai albarka, ya sa hawayensu ya zama na farin ciki. Yaya ta amsa da amin daga bakin ƙofa tana kuka, ta ce a yi a tafi kafin kwalliyar mutane ta gama wankewa.

Auta ta fita daga gidan ubanta hannunta cikin na mijinta, Abba na tsaye a ƙofa yana kallonta ido cikin ido, har motar ta sha kwana.